Batirin litiyam a motar kwana: ya cancanci kuɗinsa ko dai yayi ne?

Abban_Nana:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Na samu wata Hiace 'yar Kwatano, na cire kujerun baya, kafinta ya yi min gado mai naɗewa da 'yar durowa. In kaka ta yi nakan yi kwana huɗu biyar a wajen Saminaka ina auna masara, kuma na gaji da kwanan shagon mutane. Ga yara sun dame ni da zancen Yankari, har na yi musu alkawarin hutun ƙarshen shekara. Abin da zan ɗora bai wuce ƙaramin firji mai bolt 12, fanka biyu, ƙwan fitila uku, da cajin waya da laftof ba. A gida batir mai ruwa nake amfani da shi, guda biyu masu amfiya 220. Niyyata in cire ɗaya in sa a motar, sai wani yaro mai haɗa sola ya ce kada in soma, in sayi litiyam. Da na ji kuɗin sai da na nemi wuri na zauna. Don Allah wanda ya taɓa sa shi a mota nake son ji daga bakinsa, ba wanda ya ji an ce ba.

Dan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kai dai ka ce gida mai taya kake ginawa. Saura rijiya da turken akuya.

RewayaPanteka:
Yaron ya gaya maka gaskiya, Alhaji, ko da kuwa ciniki yake nema. Mai ruwa na zaman wuri ɗaya ne. Bara aka kawo min motar wani mai sayar da kunun aya da zoɓo, ya ɗaure irin naka a bayan kujerar direba. Wata shida kacal. Da na ɗaga kafet ɗin, ƙarfen ƙasan ya yi fari ya yi burtsi-burtsi, na sa sukudireba na danna kaɗan sai ga ta ta leƙa ƙasa. Duk gargadar da ya shiga, ruwan batir na tsiyaya ta murfi yana cin mota a hankali. Sannan in yana caji yana fitar da iska mai kama wuta, ga wari. A gida yana baranda, a motarka kuma kusa da kanka zai kwana, gilashi a rufe saboda sauro.

Abban_Nana:
Wannan na iskar ban taɓa kawo shi a raina ba wallahi.

Injiniya_Kakuri:
Bari mu yi lissafi, don kuɗi ba ya son "ina jin". Firjinka in yana aiki yana jan kamar wat 45, amma ba ya aiki dare da rana, yana tsayawa yana tashi. A zafinmu ka ba shi wat-awa 450 a yini, wato wat 45 na awa goma. Fanka biyu masu wat 15, awa takwas, 240. Fitilu 50. Laftof da wayoyi ka sa 200. Ka ga ka doshi 950.

Batirinka mai amfiya 220 a bolt 12, a takarda yana riƙe da fiye da wat-awa 2,600. Amma duk batirin dalma irin naka, in kana son ya yi rai, rabi ake sha a tsaya. Ke nan naka na gaskiya 1,300 ne, shi ma in sabo ne. Litiyam mai amfiya 100 bolt ɗinsa 12.8, wato 1,280, kuma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 kullum bai dame shi ba. To ka ga sun zo kusan kunnen doki. Bambancin yana wajen ɗauka: naka ya kai kilo 60, fiye da rabin buhun masara, sai mutum biyu sun kama. Wancan kilo 11 zuwa 13 ne, ɗanka na sakandare zai ɗauke shi da hannu ɗaya.

Abin da ya fi burge ni da shi a mota ma ba nauyin ba ne, saurin cin caji ne. Mai ruwa so yake a ba shi a hankali, kamar amfiya 20, ya yi awa goma ko fiye, kuma ƙarshen cikarsa shi ne mai ja. In ba ya cika kullum, farantan ciki su daskare da wani farin gishiri, ya fara rage ƙarfi. Wanda ke yawo yau nan gobe can, yaushe zai cika shi? Litiyam kuwa ko amfiya 50 ka ba mai 100 zai karɓa, kuma bai damu ba ko a rabi ya kwana. Motarka da za ta yi wata uku a ajiye bayan kaka, ka bar shi a rabi ka kashe, ka dawo ka same shi kusan yadda ka bar shi.

Baba_Malali:
Ku yara kun iya lissafi. Ni abin da na sani, wayar jikata ta kumbura a ƙarƙashin filo ta ƙona katifa, Allah ne ya kiyaye. Wannan 'yar mitsitsiya ke nan. Yanzu a ce mutum ya ɗauko mai kilo goma sha ya kwanta a kansa da iyalinsa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Injiniya_Kakuri:
Baba, Allah ya ƙara kiyayewa. Tsoronka yana da tushe, amma litiyam ba iri ɗaya ba ne. Na waya da laftof akwai sinadarin kobal a ciki, yana tara wuta da yawa a ƙaramin wuri, amma in ya yi zafi ko ya huje yana iya tashi da kansa. Shi ne ya sa aka janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016. Wanda muke magana a kansa shi ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP, na ƙarfe da fosfet ne, yana da wuyar kamawa ƙwarai. A Jami'ar Texas aka gano shi, a ɗakin binciken John Goodenough, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97. Ban ce ba a gobara ba. Amma yawancin wadda na gani a irin wannan haɗin daga waya take tashi: siririyar waya, ba fis, ta gogi ƙarfen mota. Wannan ko da batirin dalma ne sai ta ƙone.

Baba_Malali:
Shekara 97 yana haɗa batir, ni 71 ana hana ni tuƙin dare. To na ji, amma ban sauka ba.

Maman_Walid:
Ni zan ba da nawa, tunda an ce wanda ya gwada. Aikina rigakafin kaji, ina zagaya gonaki daga Mando zuwa Maraban Jos, wani lokaci har Kaciya. Maganin rigakafi so yake ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, in ya ɗumama ya tashi aiki, kuma ba za ka gane ba sai kajin mutane sun fara zubewa. Da ƙanƙara nake sa wa a kula. Daga baya na sayi firjin mota da busasshen batir, wato na dalma wanda ba a zuba wa ruwa, ya yi min wata goma sha huɗu ya fara kasa kai azahar. Na biyu bai ma kai haka ba. Yanzu shekarata biyu da rabi da litiyam mai 100, yana ƙarƙashin kujerar baya a Sienna, ko leƙa shi ba na yi.

Amma in gaya muku inda ya kusa sa ni kuka. Na saba duba mita, in na ga bolt 12.2 na san an kusa. Shi wannan sai ya yi ta nuna 13 da ɗigo tun safe, ina ta murna. Ina cikin wata gona wajen Kujama, rana tsaka, na buɗe but na ji shiru, firji ya mutu, mita ba ko lamba. Na zata ya ƙone. Ashe ƙarewa ya yi, na'urar cikinsa ta yanke. Da gudu na tura yaron gonar ya sayo min ƙanƙara a mashin. Shi ba ya nuna gajiya, tsaye yake har ya faɗi. Tun ranar na sa aka haɗa min mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Sola_Kinkinau:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Na'urar cikinsa da ta yanke, BMS sunanta, ita ce mai gadin batirin: caji ya yi yawa ta yanke, ya ƙare ta yanke, an ja fiye da ƙima ta yanke. Da yawa daga cikin na yanzu suna da Bluetooth, ka buɗe waya ka ga kashi nawa ya rage. Alhaji, in za ka saya nemi irin wannan.

Ummu_Sultan:
Ku yi haƙuri da tambayar jahilci. Zai ɗauki AC? Don ni in an ce tafiya da yara a watan Afrilu ba AC, a bar ni a gida.

Sola_Kinkinau:
Anti, zai ɗauka na awa ɗaya da 'yan mintuna, sai ya ce sai da safe. AC mai doki ɗaya yana jan wat 800 ko kusa da haka. In kwana ake so, sai an jera irinsa biyar ko shida, ga inbata babba, ga inda za a samo wutar cika su gobe. Rufin Hiace ba zai ɗauki farantan solar da za su yi wannan ba. Haka butar lantarki da dutsen guga, a manta da su. Inbata mai wat 1,000 kawai tana jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 12, kuma nan ne iyakar BMS ɗin yawancinsu.

Dan_Rigasa:
Duk wannan wahalar ta mece ce? A ɗaura ƙaramin janareto a bayan mota, a ja igiya, magana ta ƙare. Kuɗin batirin nan zai sayi nawa?

Direban_Kawo:
@Dan_Rigasa kai har yanzu a farashin kafin 29 ga Mayun 2023 kake rayuwa. Tun da aka cire tallafi wa ke kunna janareto har asuba? Ga hayaƙinsa, mutum nawa aka wayi gari an tarar a ɗaki saboda shi? Kuma a bakin kasuwar ƙauye da daddare, ƙarar janareto sanarwa ce cewa ga baƙo mai kuɗi.

Ni tawa gargaɗi ce. Alhaji, kada ka yarda a haɗa maka litiyam kai tsaye da batirin mota, wai altanato ya riƙa cika su tare. Ni aka yi wa haka. Sati na farko lafiya lau. Ranar da na shiga cunkoson Kawo, mota na silo, batirin kuma ya kwana a ƙasa, sai na fara jin warin ƙonannen roba. Kafin in gangara gefe fitilar batir ta kama a dashbod. Da aka buɗe, kwayil ɗin altanato ya yi baƙi ƙirin, ko taɓa shi ba a iya yi. Kuɗin gyara da na jan mota sun isa sayen abin da ya kamata a sa min tun farko.

RewayaPanteka:
Ba ni ba ne dai na haɗa maka, a shaida. 😄 Amma haka ne. Batirin dalma yana da kunya, in ya ɗan ci sai ya rage. Litiyam ba kunya, duk abin da altanato ya miƙo zai karɓe ya nemi ƙari. A silo kuma fankar altanato ba ta juyawa sosai, sai ya dafa kansa. Maganin shi ne caja ta tsakani, DC-DC ake ce mata, mai amfiya 20 ko 30. Ita ke ƙayyade abin da zai ja, ta kuma raba shi da batirin tayar da mota, kada ka wayi gari firji ya shanye maka na kunnawa. Mai 30 in ka yi tuƙin awa uku ta zuba maka kusan 90. Kafin ka sauka Saminaka ka mayar da yawancin abin da ka sha jiya. Batirin gaba kuma a bar shi yadda yake, kada wani ya ce a canza shi.

Abban_Nana:
To kun ga matsalar. An ce min kuɗin batir, yanzu ga caja, ga mita, ga fis, ga waya mai kauri. Kamar auren bazawara mai 'ya'ya, ba ita kaɗai za ka ɗauka ba.

Maman_Walid:
Alhaji a kiyayi zawarawa, muna da su a gidan nan.

Abban_Nana:
Na janye, Hajiya, a yafe min.

Hamza_Leeds:
Ina bin ku daga Ingila. Nan irin motocin nan sun yi yawa, da bazara ta shigo za ka ga tsofaffi sun ja su sun nufi bakin teku ko Sikotilan. Maƙwabcina ya canza nasa zuwa litiyam, dalilinsa nauyi ne, don lasisin mota na yau da kullum nan iyakarsa tan uku da rabi, kowane kilo lissafa shi suke. Babbar damuwarsu sanyi ce: ba a cajin litiyam in ya kai digiri sifili, yana lalata shi, har akwai masu hita a ciki. Na faɗa ne don kada a sayar muku da mai hita a ƙara kuɗi. Ko hunturun Jos bai kai sifili ba.

Injiniya_Kakuri:
Daidai, Malam Hamza. Mu tamu akasin haka ce. Mota a rufe a rana, Maris ko Afrilu, cikinta yana haura digiri 60. Yawancin masu ƙera shi iyakar cajin da suke rubutawa 45 ne ko sama kaɗan, kuma zafi yana rage masa kwana ko ba a amfani da shi. Don haka alkawarin nan na caji da saukewa sau 3,000 ko 4,000 da ke jikin kwali, a ɗaki mai digiri 25 aka auna. Kada a sa shi kusa da inji, kuma a Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, a lura. Can baya, a ƙasa, inda iska ke wucewa. Sai dai a yi adalci, dalma ya fi shi jin jiki a zafi, ƙarin digiri goma yana iya raba ransa biyu.

Alh_Sani_Barci:
Ni ɗan kasuwa ne, bari in kawo abin da ba ku lissafa ba. Mai ruwa in ya mutu ba a yi asara duka ba, 'yan gwangwan suna saye da kilo, kuɗin yana rage maka zafin sayen sabo. Kuma in ya fara ciwo akwai masu duba shi a kowace unguwa. Litiyam in ya mutu wa zai saya? In BMS ta ƙone a ƙauyen Lere wa zai gyara? Sannan mutumin nan yana da batir a hannu, kyauta. Sau nawa zai yi tafiyar a shekara? In kwana talatin ne, sau dubu uku ɗin nan jikokinsa ne za su ƙarasa.

Sola_Kinkinau:
Alhaji Sani ya yi magana. Amma ai ba dole ya zauna a mota ba. Kilo goma sha biyu ne, in an dawo a cire shi a shiga da shi gida ya riƙe fanka da fitila. Sharaɗi biyu: kada a jera shi da masu ruwan nan a layi ɗaya, kuma a duba cajar. Tsofaffin inbata suna da wani caji mai haurawa bolt 15 don wanke farantan mai ruwa, shi litiyam 14.2 zuwa 14.6 yake so.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Wani ya kawo min nasa, an rubuta 200 ɓaro-ɓaro, ya ce arha ya samu a intanet. Ina ɗagawa na san akwai magana, bai fi kilo goma ba. Muka kwance murfin. Ƙananan batura ne irin na laftof, tsofaffi, wasu da tsatsa a kai, an liƙe su da salatif, an cusa soso a gefe don kada su yi motsi. Wani kuma akasin haka suke yi, su ƙara wani abu mai nauyi a ƙasa. Araha ba ta ado. A auna nauyi, a karɓi takardar garanti mai hatimin shago, in da hali a cika shi a ɗora masa kaya sananne a ƙirga awa. Ƙwai mai wat 100 ya kamata ya haura awa goma a kan mai amfiya 100.

Baba_Malali:
Kun ji ko? Irin na laftof. Abin da na faɗa tun farko ke nan, aka ce min Texas.

Dan_Rigasa:
Baba ya ci wannan zagayen. Abin haushin ma, dutsen litiyam ɗin a ƙasarmu ake haƙo shi. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa, a kwashe a kai Sin, su CATL da BYD su mayar da shi batir, a dawo mana da shi da dala.

Injiniya_Kakuri:
Wannan muhawara ce ta wata ranar, in muka shiga ba za mu fito ba.

Bauchi_Boy:
Ni zancen Yankari ya tsayar da ni. Alhaji, in ka bi ta Pambeguwa, Saminaka, Jos, ka kwana Bauchi, da safe ka kama hanyar Gombe ka karya a Dindima. Ruwan Wikki ɗumi gare shi, digiri 31 rani da damina, yara ba za su so fita ba. Amma batir ba shi ne matsalarka a can ba, gwaggon biri ne. Sun iya buɗe ƙofar mota, sun san leda, sun san kula. Firjin nan ka sa masa kwaɗo.

Ummu_Sultan:
Kuma don Allah a daina tafiyar dare, a kwana cikin gari inda mutane suke. Gado a mota ba dalili ba ne na tsayawa a daji.

Abban_Nana:
In sha Allahu, Hajiya. A Saminaka ma ƙofar gidan mai masaukina zan riƙa fakawa. To in na tsaya kwana huɗu ba tuƙi fa, me zai cika shi?

Sola_Kinkinau:
Faranti ɗaya mai wat 300 a kan kariya, da kwantirola MPPT, na'urar da ke daidaita cajin sola, mai saitin litiyam. A rana mai kyau zai ba ka wajen wat-awa 1,000, daidai cin ka na yini. Da hunturu ka riƙa goge ƙura kowace safiya, in ba haka ba ka ga caji ya ja baya ka zargi batir. Sai dai ka lura, faranti na son rana, batir na son inuwa, kai ma kana son inuwa. Wasu suna barin farantin a sake da doguwar waya, mota a gindin bishiya, shi a fili.

Direban_Kawo:
A sake a bakin kasuwa? Sai dai ka ɗaura masa yaro.

Alh_Sani_Barci:
Ni har yanzu ina kan bakana. Ya sayi busasshe mai 100 ya gwada kakar bana. In ya ga da gaske yana kwanan motar, baɗi ya sayi mai tsadar. Mutum nawa suka gyara mota irin haka ta koma ɗaukar kayan biki?

Maman_Walid:
Busasshe mai 100 rabinsa 600 ne, Alhaji, lissafin Injiniya ya ce 950. Hanyar da na bi ke nan na sayi biyu na zubar.

Abban_Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mai ruwa dai ya zauna a barandarsa, wannan na yanke. Tsakanin shawarar Alhaji Sani da ta Maman Walid kuma sai na ga yadda kuɗin masara ya kama, don uwargida ta ga saƙonnin nan ta ce a fara biyan kuɗin makaranta. Akwai wani shago da aka nuna min, gobe zan je in gani da idona. Oga Rewaya, in na ɗauko za ka duba min kafin in cika kuɗin?

RewayaPanteka:
Kawo shi Asabar bayan la'asar, ka ce wa mai shagon ya haɗa ka da yaronsa. Ka taho da motar in ga inda waya za ta bi. Sikelina ya lalace, ka ɗauko wanda kake auna masara da shi.

Baba_Malali:
In za ku buɗe shi ku yi nesa da gidan mai.